Ranar da Gabadai Ya Ɓuya Cikin Mesa

An ce wai ɗan kawuna, shugaban 'yan kwana-kwanan unguwarmu, ya hango wata yarinya 'yar firit mai rataye da jaka, ya zura da gudu, ya haye tsanin mota, ya janye tsanin, ya maƙale a kan rufin ofis kwana da kwanaki ana jefa masa burodi daga ƙasa. A shagon aski ma labarin ya fi haka ƙiba. Can cewa suke yi sai da aka kirawo 'yan kwana-kwanan wata unguwa suka sauko da shi kamar kyanwa, yana kuka yana kiran goggonsa, wato uwata.

To, ni da idona ya gani, bari in wanke shi, ko ba komai jininmu ɗaya. Ƙarya ce tsagwaronta. Bai hau rufi ba, bai kwana ba, ba wanda ya jefa masa burodi. Ɗakin shanya mesa kawai ya shige ya laɓe, kuma da ƙafarsa ya sauko tun rana na sama. Kukan kuwa ban gani ba, sai dai idanun sun yi ja. Ni mai fenti ne, aji kaɗan na leƙa a makaranta malamai suka ce in je gida in huta, su ma su huta. Saboda haka in kun ga labarin ya ɗan yi sheƙi, hannu ne ya saba. Amma bangon da ke ƙarƙashin fentin gaskiya ne.

Gabadai muke ce masa. Ya samo sunan ne a bakin wuta, domin duk gobarar da aka je, abin da za ka ji yana ta kwarmatawa ke nan: "Gaba dai! Gaba dai!" Mutum ne ƙato, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji, muryarsa kuwa ko raɗa ya yi sai kajin maƙwabta sun watse. Gefen wuyansa akwai tabon ƙuna tun daga ranar da ya shiga wani ɗakin ajiyar katifu ya fito da tsohuwa a kafaɗa ɗaya da keken ɗinkinta a ɗayar, domin ta rantse ba za ta fita ta bar keken ba. Wannan ban ƙara ko ɗigon fenti ba, jikokinta suna nan a tambaye su.

Aibinsa ɗaya ne, kuma tare suka zo duniya. Bakinsa bai iya furta "ban gane ba". Tun muna yara, malami bai rufe baki daga "kun gane?" ba, kan Gabadai ya riga na kowa gyaɗawa, alhali ni da ke kusa da shi na san duhun da ke kaina shi ne a nasa. Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa takawa ba, sai ya nuna maka da haɓa, ya ƙara da cewa ka yi hankali da kwana ta biyu. Matarsa, wadda nake kira matarmu don in ja shi faɗa, ta taɓa ba ni labarin ranar da suka sayi injin wanki. Mai shago ya fara bayani, Gabadai ya ɗaga masa hannu ya ce ya sani. Suka zo gida, injin ya cinye labule biyu da rigar aikinsa, ya kuma yi rawa daga bayan gida har tsakar falo. Har yau cewa yake yi injin ne jabu.

Sai kuma Allah ya haɗa shi da aikin da ya shayar da wannan hali ya yi rassa. A wajen 'yan kwana-kwana, in aka isa bakin wuta murya ɗaya ce. Na gaba ya riƙe bakin mesa, na baya ya dafa kafaɗarsa, inda ya sa ƙafa nan za ka sa taka. Ba a muhawara cikin hayaƙi. Shugaba kuma ko cikinsa ya ɗuri ruwa ba ya bari a gani, domin in ya yi jim, na bayansa gwiwarsu za ta sage. Wannan ƙa'ida ta fitar da su daga gine-ginen da suka rufta bayan fitarsu da ƙiftawar ido. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne, akwai ɗakunan da ba a shiga da ita.

A cikin mutanensa, wanda ya fi kowa daɗewa da shi shi ne direban babbar mota. Jiniya suke kiransa don tsokana, saboda sai ya wuni bai ce uffan ba. Siriri ne, furfura ta cinye kansa, kullum da tsumma a aljihun baya yana goge madubin mota. Tare aka ɗauke su aiki suna samari, kuma tun daga ranar amsar Jiniya ga kowace tambaya ɗaya ce: "Abin da Maigida ya ce." Maigida kuwa Gabadai ke nan. Jiniya ne zai riga kowa ajiye aiki, saura 'yan watanni. Kowa a ofishin ya san burinsa: in ya karɓi kason da ake ba mutum a dunƙule daga kuɗin fanshonsa, zai sayi ƙaramar bas mai lafiya ya riƙa kai yara makaranta, ya ci abinci da ita shi da iyalinsa sauran kwanakinsa. Har launin da zan shafa mata mun yi shawara.

Wata rana kamfanin da ke juya musu kuɗin fansho ya aiko ma'aikaciyarsa. Ita ce yarinyar da ake cewa. Ba wata 'yar firit ba ce, mace ce mai hankali, sa'ar babbar 'yar Gabadai, mai magana a tsanake. Aka jera kujeru a garejin motoci, tsakanin babbar mota da layin takalman roba da hulunan kwano. Ta ce an kawo sabon tsari, yanzu kowane ma'aikaci shi zai zaɓi asusun da za a zuba kuɗin da ake cire masa duk wata. Asusu uku ne: mai kasada da yawa, mai matsakaiciya, da mai ƙaramar kasada. Daga nan ta shiga jero kalmomi: hannun jari, takardun lamuni, rarraba jari, hauhawar farashi, kuɗin kulawa.

Ni ban halarci wannan zama ba, samarin ofishin ne suka ba ni labari. Sun ce tun daga kalma ta biyu kowa ya ɓace, sai suka saci kallon Maigida. Maigida kuwa ya harɗe hannu a ƙirji yana gyaɗa kai, har da "haka ne, haka ne". Ganin haka hankalinsu ya kwanta, tunda na gaba ya ga hanya.

Da ta gama ta ce, "Akwai mai tambaya?"

Kowa yana jiran Maigida, Maigida kuwa yana jiran ƙasa ta tsage.

Ta ce, "To, Baba, da kai zan fara. Wanne ka zaɓa?"

Ku duba tsaka mai wuyar da ya shiga. Bai san bambancinsu ba, amma ya ga idanun yaransa a kansa, kuma shugaba ba ya jim. Ya ce, "Na farkon."

Ta ɗan dakata. "Baba, na farkon shi ya fi hawa da sauka. Wanda ya kusa ajiye aiki ba kasafai yake ɗaukarsa ba. Ko in sake bayani?"

"Na gane, 'yata."

"Ka tabbata? Ba komai ba ne in..."

"Na ce na gane."

Murya ce da ke tsayar da taron 'yan kallo a bakin gobara, ina ga mace ɗaya mai jaka. Ta juya kan sauran. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya dafa kafaɗar na gabansa: na farkon, na farkon, na farkon. Da ta zo kan Jiniya ta ga furfura, ta yi ta lallashinsa ya yi tunani, ta ce ya je gida ya yi shawara. Jiniya ya ciro tsummansa ya goge hannu.

"Abin da Maigida ya ce."

Da farko abin ya yi daɗi. Saƙon da ke shigo musu a waya yana nuna kuɗi na ɗan ƙaruwa, Gabadai har wani tafiya yake yi yana buɗe hammata kamar shi ya ƙirƙiro kasuwar. Sai kuma kasuwa ta juya. Saƙo ya shigo, abin da ke asusun kowa ya zaftare. Na gaba ya shigo, ya ƙara zaftarewa. Samari suka yi 'yan gunaguni suka koma kallon ƙwallo. Jiniya kuwa ya samu Maigida a bayan mota, ya miƙa masa waya da hannu biyu.

"Maigida, ɗana ya karanta mini, ya ce ya ragu sosai."

Gabadai ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, kamar in ya harare ta da kyau lambobin za su ji tsoro su koma yadda suke.

"Ban damu ba," in ji Jiniya. "Na gaya wa uwar yara, Maigida ya san abin da yake yi. Bai taɓa shigar da mu inda ba ƙofar fita ba."

Matarmu ta ce daga ranar abinci ya daina shiga cikin ɗan kawuna. Mutumin da sai an ɓoye tukunya in ya dawo aiki, ya koma yana juya cokali a kwano kamar amarya. Ya daina haɗa ido da Jiniya. In za a fita aiki sai ya ce yau baya zai zauna da samari, wai yana son ya sha iska, alhali tun suna da baƙin gashi kujerarsa ce kusa da direba. Ta tambaye shi ko lafiya, ya ce ƙalau. Ta ce ko ciwo ne, ya ce shi da ciwo sai dai a labari.

Yanzu ga inda na shigo. An ba ni kwangilar fentin ofishin nasu, ba don ɗan kawu ya sa baki ba, don gwanintata ce, ko da yake shi yana da wani labarin. A bayan garejin akwai wani dogon ɗaki siriri kamar rijiyar da aka tsayar, inda suke rataye mesa bayan an wanke ta don ta tsane. Akwai matakalar ƙarfe a ciki da ɗan dandamali a sama, da taga ƙarama. Ran nan ina kan tsanina ta waje ina shafa jan fenti kusa da tagar, sai na ga ma'aikaciyar fanshon ta shigo da jakarta. Ashe kamfanin ya sake aiko ta, tunda kasuwa ta girgiza mutane. Samari suka fara jera kujeru, ana ta "ina Maigida, ina Maigida?"

Na leƙa tagar don in ga ko fenti ya ɗiga ciki. Sai ga Maigida a kan dandamali, ya takure tsakanin mesa da mesa, ruwa na ɗiga masa a wuya, ya rungume gwiwa kamar ɗan da ya fasa tulu.

Na ce, "Salamu alaikum, masu gida. Ko mesa ce ta haihu?"

Ya zabura har kansa ya bugi ƙarfe. "Kai! Rufe mini baki!"

"Ɗan kawu, ana nemanka a ƙasa. In ce kana sama kana gadin ruwa?"

"Wallahi in ka buɗe baki sai na tura tsanin nan da kai."

"To me ya yi zafi? Wuta ba ta kore ka ba, sai mai jaka?"

Na ɗauka zai zage ni yadda muka saba. Sai na ga ya sunkuyar da kai. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin muryar Gabadai ta yi ƙasa haka ba.

"Ɗan goggo, ban san komai ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba ranar nan. Na kai bawan Allah nan cikin rami, kuma har yanzu yana gaishe ni da girmamawa."

Dariyar da na taho da ita ta gudu.

Can ya ce, "Kai ba ka da mutuncin da zai zube. Sauka ka tambaye ta, kamar kai ne kake son sani. Ka zo ka gaya mini."

"Na gode da yabo," na ce, na sauka.

Na same ta tana jira, na yi gaisuwa da fenti har gira. Na ce, "Malama, don Allah mene ne hannun jari?" Ta yi mini bayani mai kyau, har da misali. Amma tsanin nan dogo ne, kuma kaina rariya ne. Kafin in kai taga rabi ya zube.

Na ce, "Ta ce hannun jari shi ne ka sayi ƙofa ɗaya a gidan wani. In gidan ya rushe, ƙofar taka ce."

"Haka ta ce?"

"Kusan haka."

"Takardun lamuni fa?"

Na sake sauka, na sake hawa ina haki. "Ta ce kai ne za ka ba gwamnati bashi."

"Ni? Gwamnati?"

"Kai ɗin. Ta ce kuma sai ta ga dama... a'a, ta ce akwai rana."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi. Makaho ya aiki kurma."

Ina shirin sauka karo na gaba sai muka jiyo muryarta daga gareji, domin ƙofar ɗakin a buɗe take, kuma dogon ɗaki yana jawo sauti sama kamar bututu. Da Jiniya take magana.

"Baba, kai na fi damuwa da kai. Lokacinka ya matso. Zauna mu duba tare, ka ga abin da ya fi maka."

"Sai Maigida ya zo."

"Kuɗinka ne fa, Baba, ba na Maigida ba. Tsufanka ne."

"Inda ya tsaya nan zan tsaya. Shi ya gane, ni tuƙi na iya."

Na dubi ɗan kawuna ta taga. Gumi ya haɗu da ruwan mesa a fuskarsa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sa'an nan ya miƙe ya kama matakala. Na taɓa ganin mutumin nan ya shiga gidan mai yana ci da wuta da sauri fiye da yadda ya sauka matakalar nan. Ni kuwa na zamo daga tsanina na zagaya da gudu, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari.

Ya shigo gareji rigarsa jiƙe sharkaf. Samari suka miƙe tsaye. Bai zauna ba. Ya tsaya gaban motar, ya cire hula, ya murɗe ta a hannu.

"Malama," ya ce. Yau ba "'yata". "Ranar da kika zo na ce na gane. Ban gane ba. Kin tambaye ni har sau nawa, na yi miki tsawa. Ban san mene ne ko ɗaya daga abin da kika faɗa ba. Kunya ce ta sa na zaɓa, su kuma suka bi ni."

Wani saurayi ya shiga duba igiyar takalminsa, alhali takalmin roba ne ba shi da igiya. Jiniya ya tsaya da tsumma a hannu, bakinsa a ɗan buɗe.

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ko murmushi ba ta yi ba. Ta jawo kujera ta ce, "Zauna, Baba. Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. Duk inda ka tsaya ka tsayar da ni."

Ta ce hannun jari shi ne a sayi ɗan yanki na kamfani da kuɗinka. Kamfani ya bunƙasa, yankinka ya yi daraja, har a ba ka rabo daga riba. Kamfani ya yi rauni, ko mutane suka tsorata suka yi ta sayarwa, darajar ta sauka. Takardar lamuni kuwa rance ne ake ba gwamnati ko wani babban kamfani, da alkawarin ranar biya da abin da za a ɗora. Ba ta cika tsalle ba, sama ko ƙasa. Ta ƙara da cewa ga wanda ba ya son kuɗin ruwa akwai irin da aka gina kan haya ko ciniki, sai ya nema.

"Tsaya," in ji Gabadai. Kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi. "Ban gane kasadar ba."

Na rantse har tantabarun rufin gareji sai da suka leƙo.

Ta ce, "Kasada a nan ita ce yawan hawa da saukar kuɗin. Asusun farko yawancinsa hannun jari ne, shi ya sa yake iya tashi sosai, yake iya faɗuwa sosai. Na ukun yawancinsa takardun lamuni ne. Tambayar ba wa ya fi ƙarfin zuciya ba ce, Baba. Tambayar ita ce, in ya faɗi, kana da shekarun jiran ya tashi? Waɗannan," ta nuna samarin, "suna da su. Zaɓinsu bai yi muni ba, ribar da za su samu ma za ta yi ta haifar wata ribar kafin su tsufa. Kai da Baba direba ne ba ku da wannan lokacin."

"To me ya sa ba za a zuba kuɗin a akwati a kulle ba, kowa ya huta?"

"Saboda hauhawar farashi. Kuɗin da ke kwance adadinsa ba ya raguwa, amma abin da zai saya yana raguwa duk shekara."

"Rarraba jari fa?"

"Kada a zuba duka a wuri ɗaya. Wani a hannun jari, wani a lamuni, kamfanoni daban-daban."

Sai ya ce a hankali, "Kamar yadda ba ma zuwa gobara da dogaro ga famfon titi kaɗai. Ga tankin mota, ga rijiyar maƙwabta."

"Haka ne, Baba."

Ya tambayi kuɗin kulawa, ta ce ladan da kamfani ke cira ne don juya kuɗin, kuma haƙƙin kowa ne ya san nawa ne. Ya tambayi yadda ake biya bayan ajiye aiki, ta ce ana ba da wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biya wata-wata. Duk tambayar da ya yi sai ya share gumi, kamar ana zare masa haƙori. Da samari suka ga Maigida na tambaya, sai bakin kowa ya buɗe, har da masu tambayar banza.

Daga ƙarshe ya zo kan wadda ta hana shi cin abinci. Bai dubi Jiniya ba.

"Abin da ya ragu a na wannan bawan Allah, zai dawo?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, ban sani ba. Ba wanda ya sani. In ya koma asusu na uku yanzu, abin da ya ragu ya tafi ke nan, amma saura ya samu natsuwa. In ya zauna, ƙila kasuwa ta farfaɗo kafin ranarsa, ƙila ta ƙara sauka. A tsarinmu yana iya rabawa. Shi zai zaɓa."

Kowa ya juya ga Jiniya. Shi kuma, bisa sabo, ya juya ga Maigida. Maigida ya girgiza kai, idonsa a ƙasa.

"Kada ka dube ni. Ban isa ba."

Jiniya ya ninke tsummansa, ya sake ninkewa. Sa'an nan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Maigida, da ka ce ba ka gane ba, da ni ma na ce ban gane ba. Ai ba wuta ba ce. Da mun zauna an koya mana."

Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya ja kujerarsa kusa da ma'aikaciyar, ya juya wa kowa baya, ya yi ta tambayarta ƙasa-ƙasa. Ya mayar da mafi yawa asusu na uku, ya bar kaɗan a na tsakiya. Bai tambayi me Maigida zai yi da nasa ba, kuma har ya ajiye aiki ba a sake jin tsohuwar amsar nan a bakinsa ba.

Kasuwa ta ɗan farfaɗo daga baya, amma ba ta kai inda take ba kafin ranar Jiniya. Ya sayi bas, sai dai ba wadda muka yi shawarar launinta ba. Wata tsohuwa ce mai tari da safe, wadda sai an lallashe ta take tashi. Ni na yi mata fenti kyauta, ta fito kamar amarya daga nesa. Ɗan kawuna kuwa, ba wanda ya roƙe shi, duk ranar hutunsa za ka gan shi da sassafe a ƙofar gidan Jiniya, ya sa wannan ƙaton ƙirji a bayan bas yana turawa har ta kama. In ta kama, Jiniya ya ɗaga masa hannu ta taga ya wuce. Suna gaisawa lafiya lau. Amma Gabadai ya gaya wa matarmu, ita kuma ta gaya mini don ta san ba na riƙe magana, cewa ya gwammace ƙunar wuyansa sau goma da ɗaga hannun nan.

Wani abu kuma ya same shi: yanzu ya zama annoba. Likita ya rubuta magani, "ban gane ba, sake." Makanike ya ce abu kaza ya lalace, "ban gane ba, nuna mini." Har wajen mai shagon injin wanki sai da ya koma neman bayani. Mutane har sun fara kewar tsohon Gabadai.

Shekaranjiya na je gidansa na tarar da shi a baranda yana goge takalmi. Matarmu ta kawo mini ruwa. Na gyara zama na ce yau sai na more.

"Ranka ya daɗe, shugaban masu kasada. Ya hannun jari? An ce gwamnati na nemanka ka ƙara mata rance."

Bai ɗago ba.

"Ka san labarinka ya kai shagon aski? Ni ne nake ta kare ka. Na ce musu ba rufi ya hau ba, cikin mesa ya shige, mai jaka ta fito da shi da kunne. Har rubutawa nake yi, don jikoki su san kakansu jarumi ne."

Ya hura takalmin, ya ɗaga shi ya duba sheƙinsa, ya ajiye. Sa'an nan ya dube ni daga hula har silifa.

"Rubuta, ɗan goggo. Ni na sha kunyata a gaban yarana, yanzu na san abin da zan ci in ƙarfi ya ƙare, na san sunansa. Kai da ka kusa fara rina gemu da ragowar fenti, naka shirin tsufan ni ne. To ka rubuta har da wannan: na rarraba jarina kaf, ban zuba ko sisi a kanka ba. Kasadarka ta yi yawa, kuma ba ka taɓa tashi ba balle a jira ka."